Kaske mai rufaffen baya da ƙaramin amfili: ina ya kamata jika 80 su tafi?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, ina zaune a unguwar Ali Dan Sofo, mu uku a ɗaki ɗaya. Ina ɗan taɓa gyaran murya a kwamfuta da waya: tallar shaguna, karatun malamai, wani lokaci waƙar abokai. Na tara jika 80, wato sefa dubu 80. Ina son babban kaske mai rufe kunne wanda ba zai dami abokan ɗakina ba. Wani ya nuna mini Beyerdynamic DT 770 Pro na hannu, an rubuta 250 a jikinsa, ya ce sai na haɗa shi da ƙaramin amfili na aljihu. In raba kuɗin biyu ne, rabi kaske rabi amfili? Wayata Infinix ce."

Wa alaikumus salam ƙanena. Idan na fahimce ka, abin da kake son sani shi ne wa ya fi cancantar kuɗin nan tsakanin abin da ke zama a kan kunne da abin da ke tura masa wuta. Amsata tun daga farko ita ce kada ka raba biyu. Kaske ne ke yin sauti. Amfili ba ya yin komai sai ƙara ƙarfin wutar da ke isa gare shi, kuma da yawa daga cikin kaske masu kyau ba sa neman ƙarin. Na daɗe ina aikin haɗa sauti, na fara a wani gidan rediyo mai zaman kansa nan garin kafin na buɗe ɗan wurina, kuma ban taɓa ganin amfili ya gyara mummunan kaske ba. Abin da yake yi shi ne ya ƙara wa munin ƙara.

Amma mutumin da ya nuna maka na hannun bai yi ƙarya ba. Wannan 250 ɗin da ka gani ita ce ta sa maganarsa ta zama gaskiya, kuma zan zo kanta.

Rufaffen baya, da abin da ba ya iya yi

A cikin kowane kunne na kaske akwai tantani siriri da ke girgiza, kamar fatar kalangu, da naɗin waya da maganaɗisu a bayansa. Tantanin nan gaba da baya yake fitar da sauti. Idan aka bar bayan a buɗe da raga, sautin yana sakewa, yana da faɗi da daɗi, sai dai duk wanda ke ɗakin zai ji abin da kake ji. Idan aka rufe bayan da ƙoƙo, sautin ya tsaya wurinka. Ga wanda ke kwana da mutum biyu, kuma yake ɗaukar murya da makirufo a gabansa, babu ma zancen zaɓi. Buɗaɗɗen kaske yana zubar da kiɗa cikin makirufo, kana sauraron muryar mawaƙi sai ka ji wani "cis-cis" a ƙarƙashinta wanda ba ya gogewa.

Ka yi hattara da masu kama da rufaffu alhali ba su ba ne. AKG K240, Samson SR850 da Superlux HD681 duk rabin buɗe suke, kuma araharsu kan ja mutane. Ka duba bayan ƙoƙon, in ka ga ƙananan ramuka ko tsagogi, ka san zai yi yoyo.

Kada kuma ka sa ran rufaffen kaske zai kashe maka kowace hayaniya. Yana rage siririn sauti sosai, surutun mutane, kukan yara, hon ɗin ƴan kabu-kabu. Amma gurnanin janareton maƙwabta ko na injin motar bas a hanyar Yamai yana ratsa shi kamar babu. Masu kashe irin wannan gurnani su ne masu batir da Bluetooth, kuma ba su dace da aikinka ba, domin Bluetooth yana da ɗan jinkiri. Kana yanka murya a daidai inda mutum ya ja numfashi, wannan ɗan jinkirin zai sa ka riƙa yanka a inda ba nan ba.

Lambobi biyu da suka raba gardama

A nan zan ɗan zauna, domin in ka gane wannan babu mai shagon da zai sake ruɗa ka.

Lambar farko ita ce om, wato irin turjiyar da kaske ke yi wa wuta. Ka ɗauke ta kamar tiyon ruwa. Mai om 32 tiyo ne mai faɗi, ko famfo ba shi da ƙarfi ruwa zai zubo. Mai om 250 siririn tiyo ne, sai an matsa. Ƙarfin matsin shi ne bolt, ruwan da ya zubo kuma shi ne miliwat. Lissafin ba wuya: ka ninka bolt da kansa, ka raba da om. Bolt 1 a kan om 32 yana ba da kusan miliwat 31. Wannan bolt 1 ɗin a kan om 250 miliwat 4 kawai yake bayarwa. In kuma waya rabin bolt take fitarwa, sai ya koma miliwat 1.

Lamba ta biyu ita ce yawan ƙarar da kaske ke yi da miliwat ɗaya, ana auna ta da desibel. Duk sanda wuta ta ninka biyu, ana samun ƙarin desibel 3. DT 770 Pro yana ba da 96 a miliwat ɗaya. Ke nan mai om 250, a bolt 1, iyakarsa 102, a rabin bolt kuma 96. Kwatanta da Sony MDR-7506 mai om 63 da desibel 106: a rabin bolt ma yana kai wa wajen 112. Audio-Technica ATH-M40x, om 35 da desibel 98, a bolt 1 yana haura 112. Ka ga tazarar.

Za ka ce ai 96 ma ƙara ce babba. Haka ne, amma wannan ƙololuwa ce, inda ganga ta buga da ƙarfi. Jikin sautin yana ƙasa da haka nesa. Waƙar da aka gama gyarawa an riga an matse ta ta cika, shi ya sa ko a raunanniyar waya take fita. Kai kuwa ɗanyen aiki kake sauraro. Karatun malami da aka ɗauka da waya daga sahu na uku a masallaci yana zuwa ne a sanyaye, kuma a cikinsa kake neman ƙaramin tari ko ƙarar fanka da za ka cire. A nan ne mai om 250 ke gaza maka a waya: ka kai maɓalli ƙarshe, murya tana nan kamar daga bayan katanga. Wannan ita ce cutar da amfili ke magancewa. In babu ita, babu buƙatarsa.

Akwai tarko ɗaya a takardun kamfanoni. Wasu suna rubuta ƙara a kan miliwat, wasu a kan bolt. AKG K361 da K371 an rubuta musu 114, amma a kan bolt ɗaya ne. In ka mayar da ita kan miliwat, a om 32, kusan 99 take komawa. Ba su fi M40x ƙara da wani abin kirki ba, ma'aunin ne ya bambanta.

Amfilin da kansa

Abin da ake kira amfilin aljihu yanzu iri-iri ne. Akwai tsohon yayi, akwati mai batir irin FiiO A3, wanda ke karɓar sauti daga ramin kunne na waya ya ƙara masa ƙarfi. Akwai masu karɓa ta Bluetooth irin Qudelix 5K da FiiO BTR5, waɗanda su kaɗai za su iya cinye fiye da rabin kuɗinka. Sai ƴar gajeruwar igiyar nan da ake soka wa a ramin caji, wadda a cikin kanta akwai na'urar da ke juya lambobin kwamfuta zuwa sauti, abin da za ka ga an rubuta DAC, haɗe da ɗan amfili. Tun da Apple ta cire ramin kunne daga iPhone 7 a 2016, sauran kamfanoni suka bi, wannan ƴar igiya ta cika kasuwa, ta yi araha, ta kuma yi kyau ƙwarai.

Ita nake ba mutane shawara, saboda dalilin da duk ɗan Maradi ya sani. Akwatin batir wani baki ne da za ka riƙa ciyarwa. Ranar da kuran, wato wutar lantarki, ya tafi tun safe, kana lallaɓa waya da kwamfuta, ga kuma na uku. Batir ɗin litiyam kuma ba ya shiri da zafi. Nawa na farko, damina biyu ya yi, na ɗauko shi wata rana na ga murfin ya ɗago, batir ya kumbura kamar fanke. Ƴar igiyar ba ta da batir. Aibinta shi ne daga wayarka take sha, tana ɗan ɗumi, kuma ta tare ramin caji.

Su ma ba ɗaya suke ba. Masu arha sosai, waɗanda ake rataye wa a teburin masu caji, wasunsu waya ce zalla babu na'ura a ciki, suna aiki ne kawai a wayoyin da ke fitar da sauti ta ramin caji da kansu. Ka soka a kwamfuta, in ba ta nuna sabuwar na'urar sauti ba, fanko ce. Ta Apple mai USB-C tana da tsabtar sauti fiye da kuɗinta, amma iri biyu ce: ta Amurka bolt 1 take bayarwa, ta Turai rabin bolt. Mu kuwa kayanmu da yawa ta hannun ƴan uwa daga Faransa suke zuwa, to ka san wadda za ta fi faɗo maka. Bugu da ƙari, a wayoyin Android da yawa ba ta buɗe ƙarfinta duka. In ƙarfi kake nema saboda om 250, irin FiiO KA11 ce ta dace, tana haura bolt 2. A bolt 2 wancan DT 770 ɗin zai sami miliwat 16, ya kai 108, ya farka. Ka kuma tuna wasu wayoyi sai ka shiga saiti ka kunna OTG kafin su ga abin da aka soka musu. Mutane da yawa sun mayar da kaya mai kyau shago a kan wannan.

Wani amfani da ƴar igiyar ke da shi, wanda ba na ƙarfi ba: ramin kunne na wasu kwamfutoci yana da ƙazanta. Na taɓa kwana ina neman wani zuuu a cikin tallar wani mai shagon atamfa, na sa matatar sauti kala-kala, na kusa lalata muryar. Da asuba aka kashe janareto, na zare cajar kwamfuta, zuuu ya ɓace. Ashe ba a cikin aikin yake ba, a ramin kunne yake. Kafin ka zargi kaske ko makirufo, ka zare caja ka saurara.

Wane kaske ke nan?

Da jika 80, ajin da kake ciki shi ne na wajen Yuro 100. Tunda sefa a ɗaure take da Yuro, 655.957 kowane ɗaya, Yuro 100 ya kama jika 65 da sefa 600, kafin kuɗin ɗauko shi da na duwan.

Don gyaran murya, hannuna Sony MDR-7506 yake fara kaiwa. Tun 1991 ake yin sa, kuma har yau yana cikin ɗakunan rediyo da wuraren ɗaukar fim a duniya. Ba don daɗi ba. Yana turo tsakiya da saman sauti gaba, sai duk wani "s" da "ts" mai kaifi, da ƙarar leɓe, da hucin makirufo su fito fili. Hausa tana da baƙaƙe masu fashewa, irin ƙ da ts, kuma in mai magana ya matso makirufo suna dukan kunne. Da wannan kasken ba za su ɓuya maka ba. Amma in ka zauna jin waƙa awa biyu da shi za ka gaji, igiyarsa kuma naɗaɗɗiya ce mai nauyi, ba ta cirewa, tana jan waya daga kan tebur.

M40x ya fi shi daidaito tsakanin aiki da nishaɗi, igiyarsa tana cirewa, kuma da biyu yake zuwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yawancin kasken da ake kawo mini "ya mutu", igiya ce ta karye a gindin fulogi. Sai dai bakin igiyar na musamman ne mai murɗawa ya kulle, ba kowace ta kasuwa ke shiga ba, kuma gaɓar da yake naɗewa roba ce, ba ta son a riƙa buɗe shi da hannu ɗaya. Yayansa M50x ya fi suna, ya fi tsada, ya fi bas, wato sauti mai kauri, kuma ban ga abin da zai ƙara wa aikinka ba. Ƙanensu M20x yana wajen rabin kuɗin M40x, in aljihu ya matse ba abin kunya ba ne. AKG K361 ya fi su duka daɗin sauraro a kunnena, ga shi marar nauyi, amma bas ɗinsa ya dogara da yadda soson da ke zagaye kunne ya manne da kai, mai tabarau zai rasa wani abu. Sennheiser HD 280 Pro ya fi toshe hayaniya, yana kuma matse kai kamar rawanin da aka ɗaure da fushi.

Duk waɗannan babu mai neman amfili. Infinix ɗinka in tana da ramin kunne, ka fara da shi.

Shi kuwa DT 770 Pro da aka nuna maka, kada ka ɗauka na raina shi. A Jamus ake ƙera shi, baka ɗinsa da ke bi ta saman kai ƙarfe ne, kusan kowane sashe nasa ana canzawa, kuma sosonsa na yadi ne mai laushi, wanda a garin nan ya fi na roba nesa ba kusa ba. Yana zuwa da om 32, da 80, da 250. Da mai 80 ne, da na ce ka ɗauka kawai, domin bolt 1 yana kai shi wajen 107. Mai 250 ma ciniki ne mai kyau in na gaske ne, in lafiyarsa ƙalau, in kuma farashinsa zai bar maka abin sayen igiya mai bolt 2. Ka san dai ba ya naɗewa, igiyarsa ba ta cirewa, kuma samansa yana da kaifi. Wasu suna so, wasu yana sa su ciwon kai.

Abin da ke kashe kaske a Maradi

Masu rubutu a kan waɗannan kaya yawanci a ƙasashen sanyi suke zaune, ba sa maganar zufa. A watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, fanka ta tsaya, ka rufe kunnuwanka da fatar roba, minti 20 ya isa ka ji ruwa na gangarowa ta bayan kunne. Gishirin zufar ne ke cin fatar. Za ta fara tsagewa, sai ta riƙa ɓarewa. Wata Juma'a na fito daga aiki na wuce masallaci, wani dattijo a sahu ya riƙa kallona, bayan sallama ya miƙo hannu ya cire mini baƙin ɓawo daga gefen hula. Soson 7506 ne.

Saboda haka ka ware kuɗin soso na canji tun ranar saye, ka sa a haɗo maka. Kana gama aiki ka goge shi da tsumma mai ɗan danshi, ba da turare ko wani abu mai barasa ba. Kada ka bar shi a akwatin babur ko a bakin taga. Lokacin hunturu ka sa shi a jaka, domin ƙura da gashi suna shiga su kwanta a kan tantani, sai ka ji yana kaɗawa a bas. Ni tela na kai wa tsohuwar singileti ya ɗinka mini riguna biyu masu roba a baki, ina sa wa soso, ina wankewa. Yana ɗan rage bas da toshewa, amma na yarda da cinikin. Ka san cewa duk canjin soso canjin sauti ne: in ka sa wa M40x na yadi, zai yi sanyi a kunne, amma zai fara yoyo, abokan ɗakinka su dawo suna ji.

Rufaffen kaske yana kuma yaudarar mai shi. Ba ka jin duniya, sai ka yi ta ƙara murya ba ka sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa babban mutum iyakar desibel 80 na awa 40 a mako, kuma kowane ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. A 92, awa biyu da rabi ke nan a mako gaba ɗaya. In ka cire kaske ka ji kunne na ƙugi, ka wuce gona da iri. Kada ka hau babur da shi a kai. Ka kuma roƙi abokin ɗakinka ya riƙa taɓa ka in an kira salla, ni ya sha wuce ni.

Jabu, da yadda za ka gwada

Duk kasken da ya yi suna an yi jabunsa, 7506 da M50x kuwa sun fi shan wannan. Ni kaina an taɓa yi mini a wata kasuwa a ƙetaren iyaka. Kwalin ya fi na gaske sheƙi. Sai da na dawo gida na ɗora shi kusa da tsohona, na ji murya ta koma kamar ana magana cikin tulu. Farashi ne shaida ta farko: abin da ake sayarwa Yuro 100 a inda ake rabonsa ba zai iso Babbar Kasuwa sabo a kwali a jika 15 ba. Ko ta Katsina ko Kano za ka aika, ko wani zai riƙo maka daga Yamai, ka nemi wanda zai yarda a mayar in an ga matsala.

Akwai inda shawarata ta tsaya. Kunnena ya girmi naka, ya kuma sha ƙara shekara da shekaru, saman sautin da nake ji daidai wataƙila kai ya soke ka. Girman kai da na kunne ma suna canza komai, wanda ya zauna mini lafiya yana iya danne maka fatar kunne. Don haka kunnenka ne zai yanke hukunci a kan na hannun nan. In ka bi ta sabo, lissafina shi ne jika 65 zuwa 70 a kaske mai ƙarancin om, sauran a soso da kuɗin mota, igiyar USB-C kuma sai in ramin wayarka ko na kwamfuta ya nuna gazawa.

In za ka koma wurin mai DT 770, ka tafi da wayarka da kwamfutarka duka. Ka ɗauki ɗanyen karatun da ya fi ba ka wahala, da waƙa ɗaya da ka haddace. Ka saurari murya ita kaɗai, ta tsaya a tsakiyar kanka, kada ta karkata gefe. Ka juya kasken, dama ta koma hagu, in karkatar ta bi shi to nasa ne, ba na kunnenka ba. Ka sa wuri mai nauyin bas ka saurari ko wani gefe na kaɗawa. Ka murza igiya a gindin fulogi da inda ta shiga ƙoƙo, sauti na tafiya, ka ji ko zai yanke. Sannan ka bar shi a kanka minti 15 cur, ko mai kayan ya fara duba agogo.